Ido Ba Mudu Ba Ne, Kuma a Nan Bai San Kima Ba



Na tabbata saƙon nan ya taɓa faɗowa wayarka, ɗan'uwa, in ba daga guruf ɗin dangi ba to daga na 'yan garinku mazauna Birtaniya. Jerin sunayen birane ne. Magajin garin Landan Musulmi, na Birmingham Musulmi, na Leeds, na Sheffield, na Oxford, na Luton, haka dai har ƙasa. Sai wani namu ya ɗora masa kabbara a kai, ya ƙara da cewa "Musulunci ya mamaye Ingila, saura ƙiris." Kafin la'asar saƙon ya isa Kano da Damagaram da Kumasi, goggo ta bugo waya tana yi maka barka, kai kuma ka amsa da "ai sai godiya" kamar kai ka ci zaɓen.

To bari in tambaye ka. Ka san su wa suka fara yaɗa wannan jeri? Da Turanci aka fara yawo da shi, kuma masu yawo da shi ba murna suke yi ba. Gangami suke yi wa 'yan'uwansu cewa a tashi, baƙi sun ƙwace ƙasa. Mu muka tsince shi a hanya, muka karkaɗe masa ƙura, muka fassara shi, muka mayar da shi abin buɗa. Mutumin da ke son ya ga an loda ka a jirgi da kai da iyalinka, da kai ɗin da kanka, magana ɗaya kuke maimaitawa: mun yi yawa, mun cika ko'ina. Shi yana faɗa da ɓacin rai, kai kana faɗa da fara'a. Maganar kuwa ƙarya ce, ko daga bakin wa ta fito, kuma ranar da za a biya kuɗinta kai za a miƙo wa takarda.

Mu duba abin da mudu ya auna. Ranar 21 ga Maris 2021 aka yi ƙidayar jama'a a Ingila da Wales. Mutane miliyan 59.6 aka samu. A cikinsu waɗanda suka ce su Musulmi ne miliyan 3.9, wato kashi 6.5 cikin 100. Baƙar fata gaba ɗaya, da na Afirka da na Karibiyan, kashi 4 cikin 100. Farar fata sun haura kashi 81. Waɗanda aka haifa a Najeriya kuwa wajen 271,000 ne, wato ko mutum ɗaya cikin 200 ba mu cika ba. Kuma kai ma ka sani, cikin wannan 271,000 ɗin Bahaushe ba shi ne mai rinjaye ba. Leƙa Peckham ranar Asabar ka ji yaren da ke tashi a shagunan kayan miya.

Yanzu ga abin da ido ya ƙiyasta. A 2016 kamfanin jin ra'ayin jama'a na Ipsos ya tambayi mutane a ƙasashe da dama: cikin kowane mutum 100 na ƙasarku, nawa ne Musulmi? 'Yan Birtaniya suka ce 15, alhali a lokacin 5 ma bai cika ba. Jamusawa suka ce 21, gaskiyar kuwa wajen 5. Faransawa suka ce 31, gaskiyar 7.5. Amurkawa suka ce 17, gaskiyar 1. Aka sake tambayar 'yan Birtaniya, to zuwa 2020 fa? Suka ce Musulmi za su kai kashi 22. Shekarar ta zo ta wuce, aka ƙirga a shekarar da ta biyo baya, aka samu 6.5. Ka ga ba ɗan kuskuren da ake yafe wa mai awo ba ne. Ninki uku ne, wani wuri huɗu, wani wuri goma sha bakwai.

Kada ka yi saurin cewa ai ƙiyayya ce kawai ta rufe musu ido. Akwai ƙiyayya, ba na musu, amma ba ita kaɗai ba ce. A 2022 kamfanin YouGov ya wallafa irin wannan tambaya da ya yi wa Amurkawa. Suka ce Musulmi kashi 27 ne, Yahudawa kashi 30, baƙar fata kashi 41, alhali Musulmi kashi 1 ne, Yahudawa 2, baƙar fata wajen 12. Sai dai mutanen nan su ne kuma suka ce kashi 30 na Amurkawa a birnin New York suke zaune, gaskiyar kuwa 3. Suka ce bahagwai kashi 34 ne, gaskiyar wajen 11. Wa ke gaba da bahago? Ɗan Adam haka yake: ƙaramin rukuni ya kumbura shi, babba ya rage masa tsawo. Abin da ya fi shafar mu a cikin binciken shi ne wannan: su kansu baƙaƙen fatar Amurka da aka tambaya, sun ce sun haura rabin ƙasar. Wato mai 'yan kaɗan ɗin ma ya fi kowa kumbura kansa. Mu ke nan, malam. Hotonmu ne aka ɗauka.

Me ke jawo haka? Ke 'yar'uwa kin fi kowa sanin amsar, domin kina ganinta a tukunya. Ki auna shinkafa gwangwani biyar, wake gwangwani ɗaya, ki dafa ki zuba a faranti. Yaron da ba ya son wake zai ce "Mama, ai duk wake ne." Ba sharri yake miki ba. Idonsa kan abin da ya bambanta yake sauka, farar shinkafar kuma ta zama kamar bango, ba ya ma ganinta. Haka matar da ta sa hijabi take a cikin bas, haka mai babbar riga da zanna yake a tashar jirgin ƙasa ranar Juma'a. Mutum arba'in suna zaune a bas ɗin, Baturen da ya sauka su biyun nan zai tuna. Kai ma da ka shiga su biyun nan ka gani, har kuka yi sallama, ka sauka kana cewa "kai, garin nan duk namu ne."

Sai kuma wurin zama. Ba a barbaɗa mu a ƙasar nan kamar gishiri ba, a dunƙule muke. A ƙaramar hukumar Tower Hamlets da ke gabashin Landan, Musulmi sun kusa kashi 40. A Newham wajen 35, a Luton wajen 33, a Bradford da Birmingham wajen 30. Landan gaba ɗayanta kashi 15. Wanda yake kwana a Newham, ya yi aiki a Stratford, ya yi Juma'a a Whitechapel, ya sayi nama a shagon Bapakistane, ya yi aski a wurin Baturke, dole ya ɗauka Ingila ke nan. Amma shiga jirgin ƙasa daga Paddington ka nufi Cornwall, ka yi awa biyar kana tafiya. A can Musulmi ko kashi 1 ba su kai ba. Garuruwa da ƙauyuka irin waɗannan su ne mafi yawan fadin ƙasar, kuma yawancinmu ba mu taɓa taka su ba. Wani ya shekara goma sha biyar a nan, iyakar saninsa daga gida zuwa aiki, daga aiki zuwa masallaci, sai filin jirgin Heathrow. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Unguwa ɗaya ya sani, yake ba mutanen gida labarin ƙasa.

Ga kuma hoto. Ranar Idi ana taruwa dubun-dubata a filin Small Heath na Birmingham, a ɗauko daga sama, sahu-sahu har inda ido ya tsaya. Abin sha'awa ne, wallahi. Amma taron nan na safiya ɗaya ne, kuma mutane daga garuruwa daban-daban suka zo. Ba wanda zai ɗauki hoton sauran miliyoyin da ke barci a gidajensu a wannan safiyar, ko suke yawo da karnukansu, domin ba labari ba ne.

Hatta batun sunan Muhammad da muke ta tsalle a kai, tsaya ka duba shi. Gaskiya ne, a 2023 shi ne sunan da aka fi raɗa wa jarirai maza a Ingila da Wales. Jarirai nawa? 4,661, cikin haihuwa kusan 600,000 ta wannan shekarar. Dalilin da ya sa ya zo na ɗaya ba ɓoyayye ba ne: mu muna tattaruwa kan suna guda saboda ƙaunar mai sunan, su kuma sun warwatsu kan sunaye ɗaruruwa. Haka su ma magadan garin da ke cikin saƙon. In ka cire Sadiq Khan, wanda jama'ar Landan suka zaɓa a 2016 da 2021 da 2024, yawancinsu muƙamin girmamawa ne da kansiloli ke karɓa bi da bi, shekara ɗaya mutum ya sa sarƙa a wuya, ya yanka zaren buɗe gini, ya miƙa wa wani. Da yawa daga cikinsu sun daɗe da sauka, saƙon yana nan yana yawo. In kana son ka auna iko na gaskiya, duba majalisar dokoki: kujeru 650, Musulmin da suka shiga a zaɓen 2024 kimanin 25 ne. Ko kason yawanmu ba mu cike ba. Ina mamayar take?

Za ka iya cewa, to mene ne a ciki? Ɗan alfahari ne, yana ƙarfafa zuciya, wa ya cutar? Haba malam. Mu bi sawun wannan magana mu ga inda take kwana.

A watan Janairu 2015 wani Ba'amurke mai suna Steve Emerson, wanda ake gayyata a matsayin masanin ta'addanci, ya fito a tashar Fox News ya ce Birmingham gari ne na Musulmi zalla, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. A lokacin ƙidaya ta nuna Musulmin garin wajen kashi 22 ne. Aka yi masa dariya, Firaminista David Cameron ya kira shi wawa, shi ma ya fito ya ba da haƙuri. Amma miliyoyin da suka ji maganar farko ba duka suka ji haƙurin ba. A Faransa wani marubuci, Renaud Camus, ya fitar da littafi a 2011 yana cewa ana musanya Turawa da baƙi da gangan. Sunan wannan ra'ayi shi ne sunan da mutumin nan ya sa wa takardar da ya rubuta kafin ya shiga masallatai biyu a Christchurch ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, ya kashe mutum 51. Musulmin New Zealand a lokacin wajen kashi 1 cikin 100 ne. Kashi ɗaya. A kansa kuwa sun cika ƙasa.

In kana ganin can da nisa, tuna 2024. Ranar 29 ga Yuli wani matashi ya kashe yara mata uku da wuƙa a garin Southport. Kafin iyayensu su gama sanin abin da ya same su, aka baza a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwale-kwale. Ƙarya ce, a Cardiff aka haife shi. Washegari aka far wa masallacin garin da duwatsu. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙoƙarin cinna wuta a otal-otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka a Rotherham da Tamworth, da mutane a ciki. Kun tuna makon nan. Kun tuna yadda aka riƙa tura wa juna jerin wuraren da aka ce za a kai hari, yadda matan da ke aikin kula da tsofaffi suka riƙa roƙon a canza musu lokacin aiki don kada dare ya yi musu a hanya, yadda aka hana yara zuwa Islamiyya. A wannan makon ban ji wanda ya ce mun mamaye Ingila ba. Kowa ya san adadinsa.

Ƙaryar kwana ɗaya ba ta isa ta fito da mutane titi da fetur ba. Sai ta tarar da busasshiyar ciyawa. Ciyawar ita ce shekaru da aka yi ana gaya wa mutum cewa an yi masa ƙawanya, an fi shi yawa a ƙasarsa, har ya yarda. Duk lokacin da muka tura saƙon "mun mamaye", dami ɗaya muka ƙara. Kuma kada ka ɗauka don da Hausa ka rubuta ba mai gani. Bidiyon wa'azin da wani ya ɗaga murya yana cewa nan da shekara kaza tutar Musulunci za ta hau fadar Buckingham, minti nawa ake ɗauka a sa masa fassara a ƙasa a saka a X?

Akwai magana mai nauyi da za a iya mayar mini, kuma ba zan tsallake ta ba. Za a ce ai yawan yana ƙaruwa. Gaskiya ne. A ƙidayar 2011 Musulmi miliyan 2.7 ne, a 2021 sun zama 3.9. A Landan, Turawan da asalinsu 'yan Birtaniya ne sun koma ƙasa da kashi 40. A wajajen 2023 bambancin masu shigowa ƙasar da masu fita ya haura 900,000 a shekara guda, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi shigowa, ta karatu da ta aikin jinya. Tsohuwar da aka haifa a Newham, ta ga mashayar layinsu ta zama masallaci, shagon mai kifi ya zama na naman halal, maƙwabtanta sun koma Essex, in ta ce unguwarta ta canza ba ƙarya ta yi ba. Kuma in ta ji ba daɗi ba lallai ne muguwa ce ba. Kai ma in ka koma Fagge ka tarar ba ka gane kowa ba, sai ka ji wani iri. Inda ake yaudararta shi ne a ce mata layinta shi ne ƙasa, kuma mutum 6 ko 7 cikin 100 sun fi ƙarfin sauran 93. Da ita ana iya zama a yi magana, matuƙar da mudu ɗaya ake awo. In ta zo da 22 kai ka zo da "saura ƙiris", wa zai faɗi 6.5? Dokokin da aka tsaurara a 2024, da suka hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, kuna iya cewa daidai ne ko ba daidai ba. Amma ku sani ɗan siyasa ba littafin ƙidaya yake bi ba, abin da ke kan mai jefa ƙuri'a yake bi.

Laifi tudu ne. Kafin mu gama zagin Bature, mu duba inda muka taka. Sau nawa ka ji a majalisar ƙofar gida a Kano ana cewa Ibo sun mamaye gari? Mai maganar ya ratsa Sabon Gari ne, ya ga shagunan kayan gyaran mota a jere, ya yanke hukunci kan birni mai miliyoyin mutane. Je Legas ko Fatakwal ka ji yadda ake cewa 'yan Arewa sun cika ko'ina, don an ga masu acaba da masu gadi da masu shayi, kuma duk wanda ya fito daga sama da Kwara, Banufe ne ko Babarbare ko ɗan Nijar, Bahaushe ake kiransa. A Ghana duk mazaunin zango Bahaushe ne a idon na waje, alhali a ciki akwai Mosi da Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli da Wangara, Hausa ce dai ta haɗa su. Mutanen zango ba sai an ba su labarin inda "baƙi sun yi yawa" take kaiwa ba. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, aka kwashe har da waɗanda a can aka binne cibiyarsu. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin nata, mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, har yau jakar da suka zuba kaya a ciki sunansu take amsawa.

Kuma mun fito daga ƙasar da adadi ya zama makami. Ƙidayar 1962 soke ta aka yi. Ta 1973 ma soke ta aka yi. A 1991 da 2006 ba a tambayi addini ko ƙabila ba, don an san abin da zai biyo baya. A 2006 aka ce Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9 da 'yan kai, Legas ta ce ba ta yarda ba, ta fito da nata lissafin. Tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba. Mun taso a inda kowa ke rantsuwa cewa su ne suka fi yawa, ba kuma mai takardar da ɗayan zai yarda da ita. Wannan ɗabi'ar muka zuba a akwati muka taho da ita ƙasar da ake ƙirge duk shekara goma, sakamakon kuma yana nan a buɗe, kyauta, unguwa-unguwa.

Yanzu ga ɗaya fuskar abin, wadda ta fi ci mini rai. Muna kumbura kanmu a inda ba amfani, a inda ake buƙatar a gan mu kuma ba ma nan. Buɗe jadawalin harsuna na ƙidayar Ingila da Wales. Yarbanci yana da layinsa. Ibo yana da nasa. Somaliyanci, Shona, Akan, Luganda, kowanne da layinsa. Hausa fa, harshen da ake ji daga Agadas har Kumasi har Sudan, harshen da BBC ke watsa shiri da shi daga Landan ɗin nan tun 1957? An tura ta cikin kwandon "sauran harsunan Najeriya". Mu da muka "mamaye" ƙasa, ko layi ba mu da shi.

Wani ɓangare na dalilin shi ne ba mu da yawa, sai mu haɗiye wannan. In an yi bikin aure a Manchester ka ga zaure ya cika, mutum ɗari uku, sai ka ce Hausawa sun yi yawa a ƙasar nan. Duba fuskokin da kyau. Su ne ka gani a sunan da aka yi a Leeds wancan watan, su ne za ka gani a taron Sallah a Landan. Mutane ɗaya ne ke zagaye ƙasar a mota. Ɗaya ɓangaren kuwa laifinmu ne. Fom ya zo gida, a ajiye shi a kan firji. In an cika, wurin harshe a rubuta Turanci ko da a gidan ba mai yin sa sai yara. Fom ɗin 2021 ya bar wa ɗan Afirka fili ya rubuta asalinsa da hannunsa, mu nawa muka rubuta Hausa? A makaranta a tambayi harshen da ake yi wa yaro a gida, uba ya ce Turanci, wai kada a ɗauka ɗansa daƙiƙi ne. Sannan a dawo ana ƙorafi: asibiti ba tafinta, Hajiya ta je ganin likita sai da jikanta ɗan shekara goma ya fassara mata ciwon da ko 'yarta ba ta so ta ji. An nemi ɗakin da za a riƙa koya wa yara Hausa ranar Asabar, ƙaramar hukuma ta ce ku nawa ne, aka shiga kallon juna. Wanda ke raba kuɗin hukuma takarda yake dubawa, bai halarci bikin Manchester ba.

Na san inda tsoron ya samo asali. Kakanninmu sun ga mai ƙirge yana zuwa, haraji na biye da shi. Bafulatani ya san in an ƙirga shanu jangali ne. Wasu har yau ba sa faɗin adadin 'ya'yansu, sai su ce "suna nan da dama, alhamdulillahi." Wasu kuma takardunsu ba su kammala ba, suna ganin duk fom tarko ne. Amma bayanan mutum na ƙidayar nan doka ta rufe su shekara 100. Na 1921 sai a 2022 aka buɗe su. In kuma ta fuskar addini kake ɗari-ɗari, Sayyidina Umar ne ya kafa diwani, aka rubuta mutane gida-gida don a san rabon kowa. Kuma kowane ɗalibin sira ya san ranar da yawa ya ruɗi Musulmi ita ce ranar Hunaini, suna 12,000, aka fara da kora su. A Badar ɗari uku da 'yan kai ne. Ban san daga ina muka samo wannan ƙishirwar a ce mun fi kowa yawa ba.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da wuya. In saƙo ya zo da adadi, kafin ka tura, tambayi kanka wa ya ƙirga, yaushe, kuma cikin mutum nawa. In ba amsa, bar shi ya mutu a wayarka, ko da babban yayanka ne ya turo, ka bi shi ta gefe da ladabi ka gaya masa. Haddace lambobi uku ko huɗu kamar yadda ka haddace lambar gidanka: 6.5, da 4, da ɗaya cikin 200. Ranar da abokin aikinka ya ce ƙasar ta cika da ku, kada ka yi fushi, tambaye shi shi a ganinsa kashi nawa ne, ka bar shi ya faɗa, sannan ka nuna masa shafin hukumar ƙididdiga ta ƙasarsu. In ka kira gida, daina sayar musu da Ingilar da babu ita, domin akwai ƙanin da ke shirin sayar da gonar gado ya taho bisa labarinka, yana zaton zai sauka a wata Kano mai sanyi. Gaya masa akwai garin da za a tura shi aiki ya yi wata bai ji sallama ba. Malamanmu masu hawa mumbari, don Allah a rage kirarin mamaya, a gaya wa mutane su kaɗan ne, kuma ɗan kaɗan halinsa ake kallo, domin duk abin da ɗaya ya yi a kan dukkanmu ake rubutawa.

Shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, maimakon a riƙa cewa "muna da dubbai" a jawabin taron Sallah, a ɗauki littafi a rubuta: gida nawa, yara nawa, tsofaffi nawa ne ba sa jin Turanci, a wane gari. In an tashi aka samu ɗari huɗu, to ɗari huɗu ne, da su za a je gaban kansila. Kuma in fom ɗin ƙidaya mai zuwa ya iso, sauke shi daga kan firji a daren, ka zauna da iyalinka ku cika, inda aka tambayi asali ka rubuta Hausa da manyan baƙaƙe.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu a inda muke, ya sa mu gama da ƙasar mutane lafiya.